Shekarun aikin kwantiragi: ana lissafa su idan an koma ma'aikaci na dindindin?

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga tsofaffin ma'aikata, musamman waɗanda suka zauna a sashen mulki ko na albashi a nan Kano.

Ga matsalar. An ɗauki mutum aikin gwamnati na wa'adin shekara 2 a matakin albashi na 08, aka sabunta sau ɗaya, yanzu shekara 4 ke nan. Takardar ɗauka ta ce kowane ɓangare na iya soke yarjejeniyar da sanarwar wata ɗaya, ba ta ambaci fansho ko garatuti ba. Yanzu ana maganar mayar da shi na dindindin.

Wace rana za a rubuta a matsayin ranar fara aiki? Nan ne abin ya cije, domin ritaya kan zo da cikar shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, ƙarin girma kuma a wannan mataki sai bayan shekara 3. In aka share shekarun nan 4, ƙarin girma guda ya tafi ke nan, kuma sai ya sake zaman gwaji na shekara 2 kafin a tabbatar da shi.

Sai fansho. Dokar tarayya ta 2014 ta ɗora biyan kashi 8 cikin ɗari na albashi a kan ma'aikaci, 10 a kan mai ɗauka, amma tsarin Jihar Kano daban ne. Wanda ba a taɓa cirar masa komai ba, zai iya biyan na baya a haɗa masa? Kuma wa ake rubuta wa, babban sakataren ma'aikatar ko Hukumar Kula da Ma'aikata? Allah Ya saka da alheri.