Titaniyam mai gami: sunan da ya dace da ƙarfen da ake sa wa ƙashi

'Yan'uwa masu bibiyar wannan tattaunawa, abin da muke nema shi ne sunan Hausa ga abin da likitocin ƙashi a Garwa da Marwa da Injamena suke rubutawa da Faransanci "alliage de titane", wato ƙarfen da ake ɗaure karaya da shi daga ciki, ko a maye gurbin gaɓar ƙugu idan ta lalace. A bakin asibiti kowa cewa yake "an sa masa ƙarfe", wasu kuma, musamman ta wajen Kuseri inda Larabci ya yi yawa a bakin mutane, sukan ce "an sa masa filatin". Magana ta farko gaskiya ce amma ba ta wadatar ba, domin Bahaushe idan ya ji ƙarfe, baƙin ƙarfen nan mai tsatsa da damina yake gani, shi ya sa ake samun wanda ya karye a cinya a hatsarin babur ya ƙi sa hannu a takardar tiyata don gudun kada wani abu ya ruɓe a jikinsa. Ta biyu kuwa kuskure ce, saboda filatin ƙarfe ne dabam mai tsada irin ta zinariya, kuma ba da shi ake ƙera faranti da kusoshin ƙashi ba.

Sunan ƙarfen kansa ba ya bukatar doguwar muhawara. William Gregor ne ya fara gano shi a Ingila a 1791, Bajamushe Martin Klaproth ya raɗa masa suna a 1795, amma sai a shekarun 1940, da dabarar William Kroll, aka iya tace shi da yawa. Maƙeranmu ba su taɓa sarrafa shi ba balle su sa masa suna, domin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1668, kuma idan ya ɗau zafi yakan zuƙi iska ya zama mai saurin karyewa, don haka sai a tanderun da aka zuƙe wa iska ake narka shi. Tunda babu tsohon suna, aro ya halatta. Mu da muka yi karatu da Faransanci bakinmu ya saba da "titan", sai dai na fi son mu rubuta "titaniyam", domin ya bi sahun alminiyam da yuraniyam da kunnen Bahaushe ya riga ya karɓa, kuma ɗan'uwanmu na Yola ko na Kano zai gane shi. Ƙasarmu Kamaru ma ba baƙuwarsa ba ce, tunda akwai yashin rutil, wanda ake tace titaniyam daga cikinsa, a yankin Akonolinga.

Inda gizo yake saƙar shi ne kalmar "alliage", wato ƙarfen da aka narka tare da wasu ƙarafa suka zama abu ɗaya. Wani malamin makaranta daga Marwa ya kawo "haɗin ƙarfe", amma duk wanda ya ji haka mai walda zai tuna, wanda yake liƙa ƙarfe biyu kowanne yana nan da kamanninsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce "gaurayen ƙarfe". Wannan ya fi kusa, sai dai gauraye yana nuna abubuwan da aka zuba wuri ɗaya ba tare da awo ba, alhali a nan awon shi ne dukan sana'ar. "Surki" da "algus" kuwa ban ga hanyar karɓarsu ba, domin dukansu ha'inci suke nunawa, kuma babu majinyacin da zai yarda a sa masa abin da sunansa ma yake cewa an cuce shi.

Kalmar da nake ganin ta zauna daidai ita ce "gami". Uwar gida mai dama kunun zaƙi ta san cewa gami ɗan kaɗan ne, da awo ake zuba shi, kuma da ya shiga sai kunun ya tsinke ya yi zaƙi, ba wanda zai iya sake ware shi. Abin da masana ƙarfe suke yi ke nan. Alherin wannan kalma shi ne ta ba mu suna uku: ƙarfen da aka zuba wa gami shi ne "titaniyam mai gami", abin da aka zuba masa shi ne "gaminsa", wanda ba a zuba wa komai ba kuma "titaniyam zalla".

Mai son ya ga cewa kalmar tana ɗaukar nauyin ilimin, ya dubi tarihin abin. A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ɗan ƙaramin gidan titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya riƙa duba yadda jini yake gudana, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. Dalili shi ne titaniyam, da zarar iska ko ruwan jiki ya taɓa shi, yakan yi wa kansa wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ce take hana shi tsatsa, kuma ƙashi yana iya tofowa a kanta. Nauyinsa bai wuce kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba, maganaɗisu kuma ba ya jansa. Amma titaniyam zalla, wanda ya isa a yi saiwar haƙori da shi, ƙarfinsa bai kai ya ɗauki nauyin ƙaton mutum a ƙugu shekara da shekaru ba. Sai likitoci suka aro wanda aka yi wa jiragen sama a Amurka a shekarun 1950, mai gamin alminiyam kashi 6 da wani ƙarfe da ake kira banadiyam kashi 4 cikin 100, wanda har yau shi ne aka fi amfani da shi.

Daga nan bincike ya koma kan gamin kansa. An ga cewa banadiyam yana cutar da ƙwayoyin halitta a gwajin ɗakin bincike, sai a Suwizalan aka fitar da wani mai gamin ƙarfen niyobiyam kashi 7 a madadinsa, aka shiga sa wa mutane a shekarun 1980. Matsala ta biyu ta fi wannan wuyar ganewa, ita ce sanƙarewa. Ƙashi abu ne mai rai, yana ɗan lanƙwasawa idan aka taka, kuma nauyin da yake ɗauka shi ne yake sa shi kauri. Idan aka sa masa ƙarfen da ya fi shi sanƙarewa nesa ba kusa ba, ƙarfen ne zai ɗauke nauyin, ƙashin da ke kewaye da shi ya rasa aiki ya riƙa zaizayewa, har abin da aka dasa ya soma girgiɗi. A ma'aunin gigafaskal, wanda ake auna sanƙarewa da shi, ƙashin mutum yana tsakanin 10 da 30, inoks, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa wanda ake yin cokula da shi, yana wajen 200, titaniyam mai gamin alminiyam da banadiyam yana wajen 110. Shi ya sa masu bincike, cikinsu har da Mitsuo Niinomi na Japan, suka dukufa kan gamin niyobiyam da tantalam da zirkoniyam, suka sauko da adadin zuwa wajen 60. Ku lura da cewa duk wannan bayani ya fito da kalma ɗaya, an canja gami, an rage gami, an nemi gamin da jiki zai karɓa, ba tare da mun koma Faransanci ba.

Akwai suka guda da na ɗauka da muhimmanci. Wata hajiya mai sayar da gwal ta ce a wurinsu "mai gami" ragi ne, domin sarƙa mai gami ba ta kai zalla daraja ba. Gaskiyarta ta fuskar kuɗi. Amma maƙerin zinariya ya san cewa zalla tana da taushi, ba ta jure yau da gobe, shi ya sa mai karat 18 kashi 75 cikin 100 ne kawai zinariya, sauran gami ne da aka sa da gangan. Wannan ma'ana ta biyu muke so, kuma ya rage ga ma'aikacin lafiya ya ƙara jimla ɗaya, cewa gamin ƙarfi yake ƙara masa.

Sai dai kada sabon suna ya sa mu kira kowane ƙarfen ƙashi titaniyam. Faranti da kusoshi da yawa na inoks ne, domin ya fi araha, kuma yana aikinsa. Ko a ƙugun da aka canja, sandar da ke shiga cikin ƙashin cinya ce ta kan zama titaniyam mai gami, ƙwallon da ke juyawa kuwa da kobal mai gamin kurom ake yinsa ko da tangaran na musamman, saboda titaniyam ba ya jure guga. Majinyaci yana da haƙƙin ya tambayi irin ƙarfen da za a sa masa, a rubuta masa a takarda ya ajiye tare da hoton ƙashinsa, wanda a nan muke kira radiyo.

Game da "implant", wato abin da likita yake dasawa a cikin jiki, shawarata ita ce mu raba shi biyu bisa aikinsa. Faranti da kusoshi da sandar ɓargo, waɗanda suke riƙe karaya har ta kama, mu kira su "ƙarfen ɗori", domin aikin da mai ɗori yake yi da kara da tsumma daga waje suke yi daga ciki, kuma wani lokaci akan cire su bayan warkewa. Wanda zai zauna a madadin gaɓa kuwa "dashen gaɓa" ne, kamar yadda muke cewa dashen ƙoda. Ina roƙon 'yan'uwa ma'aikatan jinya na Garwa da Ngaundere da Injamena su gwada waɗannan sunaye a gaban majinyata da masu jinyarsu, su lura ko ana sake tambayar batun tsatsa bayan an ce "ƙarfen ɗori na titaniyam mai gami", sannan su dawo mana da abin da suka ji.