Sakamakon DNA na gyaɗata ya ɗaure min kai, ina kuskuren yake?

Ɗalibar Gyaɗa: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a digirin digirgir, ina neman ƙwayoyin gadon da ke sa wasu iri jure kuturun gyaɗa, cutar nan da darɓa ke yaɗawa, wadda ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975. Na aika ganyen layuka 96, wato ire-iren gyaɗar da nake gwadawa, aka karanto DNA ɗinsu guntu-guntu. Na jera bayanan a kan jinom (wato cikakken jerin haruffan DNA) na gyaɗar daji Arachis duranensis da manhajar BWA, na tace da manhajar GATK. Sai ga wurare dubbai suna nuna haruffa biyu mabambanta, kamar tsirran duk ruwa-biyu ne. Alhali gyaɗa kanta take yi wa barbara, layukan nan kuma sun daɗe da tsayuwa. Mako uku ke nan, kwamfutar tana zafi har sai na ɗora ta kan bulo biyu a gaban fanka. Ko cakuɗa min samfur aka yi?

Malam Na-Samaru: Wa alaikis salam ƙanwata. Samfurinki lafiya lau. Gyaɗa mai iyaye biyu ce: duranensis ta ba da jinom A, Arachis ipaensis ta ba da B, suka haɗu a Kudancin Amurka aka samu tsiro mai kuromozom 40, ashirin daga kowane ɓangare. Ke kuwa gidan A kaɗai kika buɗe. 'Ya'yan B da suka zo ba su ga ɗakinsu ba, sai suka kwana a na A, tunda A da B sun yi kama sosai. Haruffa biyun da kike gani bambancin A da B ne, ba na tsiro da tsiro ba. Ki sauko da jinom ɗin irin gyaɗar noma mai suna Tifrunner, na 2019, daga shafin bayanan gyaɗa na PeanutBase, yana ɗauke da ɓangarorin biyu. Ki sake jerawa, ki zubar da duk guntun da manhaja ba ta tabbatar da gurbinsa ba.

Ɗalibar Gyaɗa: Allah ya saka da alheri Malam. Gaskiya na ga Tifrunner ɗin, girmansa ne ya tsorata ni, ya haura harafi biliyan 2.5, ni kuwa ram ɗin kwamfutata, wato ma'ajiyarta ta aiki, gigabait 8 ne kawai.

Abu Alkama: Ki gode wa Allah, 'yar'uwa. Mu na alkama jinom uku muke fama da su, kuromozom 42, harafi wajen biliyan 16. Kada ki kashe kwamfutarki a banza, ki sa mai duba aikinki ya nemo miki gurbi a babbar kwamfutar wata cibiya. Ni sai da na yi asarar aikin kwana huɗu saboda ɗauke wuta kafin na yi hankali.

Malam Na-Samaru: Abu ɗaya na manta. Ko bayan gyaran, za ki tarar da wuraren da bayanan A suka ɓace, na B suka ninka, ko akasin haka. Kada ki yi saurin sharewa. A gyaɗa ɓangarorin biyu kan yi musayar yanki a tsakaninsu, an gani a Tifrunner ɗin kanta. Ki duba yawan guntayen da suka sauka a kowane wuri tukuna.

Ɗalibar Gyaɗa: To Malam. Zan fara da layuka biyar in gani, in Allah ya kai mu Litinin zan kawo abin da ya fito.