Neman shawara: wanda ya riga ni shiga ɗakin bincike ya ɗaure min fuska kan ƙarshen aikatau

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu ke nan a Koriya ta Kudu, ta farko na yi ta wajen koyon harshe, yanzu kuma ina digiri na biyu a Daejeon. A harshensu ƙarshen aikatau ne ke nuna matakin ladabi. A aji an fara koya mana -mnida, wadda ake yi a taro da gaban manya, sannan -yo, ta ladabin yau da kullum, kuma da ita nake magana tun zuwana ba tare da na saɓa wa kowa ba. A ɗakin bincikenmu akwai seonbae, wato wanda ya riga ni shiga, amma na girme shi da shekara uku. Wata rana muna cin abincin dare ya ce min "mal pyeonhage haseyo", wato in saki jiki a magana. Na ɗauka izini ne, sai na ajiye -yo na koma banmal, wato maganar da ba ta girmamawa ba wadda ake yi wa aboki ko ƙarami, har ina tambayarsa "bap meogeosseo?" (ka ci abinci?) kamar abokin wasana. Mako uku ke nan yana amsa min da -mnida, ko kallona ba ya yi. In koma -yo shiru, ko in ba shi haƙuri?

Tsohon ɗalibi daga Seoul:
Ɗan uwa, laifin naka ne. A ɗakin bincike wanda ya riga shiga shi ne babba, ko da kai ka haife shi. Dubi maganar tasa ma, da -seyo ta ƙare, yana girmama ka ne a lokacin da yake faɗa, kuma ladabi shi ne ka ƙi karɓa sau ɗaya ko biyu. Gobe ka koma -yo, kada ka ta da zancen haƙuri, kunya za ka ƙara masa.

Wata 'yar uwa daga Ansan:
Ni ban yarda ba. Ka same shi shi kaɗai ka ce "joesonghamnida", wato ban haƙuri na girmamawa, ba "mianhae" na abokai ba. Amma 'yan Koriya su ma ba su da gaskiya kullum. Inda nake aiki, yaron da bai kai ƙanena ba tun ranar farko banmal yake min, ni kuwa ina bin sa da -yo, kuma abin yana ci min rai har yau.

Mai tambaya:
Na gode, amma ai shi ya furta da bakinsa. Kuma ko da tsohon lissafin shekarunsu, ko da wanda suka koma kansa a Yunin 2023, ni ne babba.

Tsohon ɗalibi daga Seoul:
Shekaru ba su ne ma'auni a nan ba, na gaya maka. Ko a gida, idan yayanka ya ce ka saki jiki, za ka kira sunansa gatsal a gaban baƙi? Tambaya ɗaya ba ka amsa ba: a gaban wa ka yi masa banmal ɗin? Farfesa yana wurin?

Mai tambaya:
Sau ɗaya yana wurin, a taron mako, amma farfesan bai ce komai ba. Ni dai har yanzu ina ganin da ya ji haushi da ya faɗa min. Litinin muna da taro, kuma kujerata tana kusa da tasa.