Ƙafar roba da ciwon baya: in gyara a nan Legas ko in tafi gida?

Mai Albasa Mile 12: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. An yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa a 2021 bayan hatsarin acaba. Da ƙafar roba nake zuwa kasuwa. To yanzu dungun ya rame, yana lilo a cikin soket, wato ramin ƙafar robar da dungun ke shiga, sai na yi ta jera safa, ƙuguna ya riƙe, gwiwar dama mai lafiyar ma ta fara ciwo. Da dare kuma yatsun da babu su ne ke yi mini zugi. Na tara dubu 300. In je asibitin ƙashi na Igbobi a sake soket kawai, ko in rufe rumfa in tafi asibitin ƙashi na Dala tunda dangina na Kano? Kuɗina ba zai kai sabuwar ƙafa ba. Ba ni da ciwon suga.

Hajiyar Agege: Sannu ɗana, Allah Ya sa kaffara ne. Ka rage shayi mai siga da burodi, sugan nan shi ke hana ciwo lafawa. Haka marigayi mai gidana ya yi fama.

Mai Albasa Mile 12: Amin Hajiya, Allah Ya jiƙansa. Amma na ce ba ni da suga.

Ɗan Alaba Rago: Yar da tsohuwar ka sayi sabuwa ka huta.

Tsohon Direba: Yaro, ji nawa tukuna. Karaya ce kawai na samu a Apapa, ko jini bai fita ba. Maimakon asibiti sai abokan aiki suka kai ni wajen mai ɗori. Ya jera karare ya ɗaure tamau, ina ihu ana cewa in yi ta maza. Ranar da aka kwance, ƙafar ta yi baƙi tana wari. Daga saman gwiwa aka yanke. Da na warke wani mai shagon ƙafar roba ya karɓe mini dubu 450, kuɗin filina na gida. Da tef ɗin tela ya auna ni, ko filasta bai sa ya ɗauki siffar dungun ba. Ƙafa ta zo ta fi tawa tsawo, in zan taka sai na ɗaga ƙugu na jefa ta gefe. Na koma, ya ce jiki zai saba. Na sake komawa, shago a kulle. Daga nan ciwon baya ya tashi. Wani mai kemis ya fara ba ni diclofenac har na fara aman jini, aka ce olsa. Sai na koma tramadol, daga ƙwaya ɗaya har ta kai in ban sha ba jikina rawa yake, ga gumi. Uwar 'ya'yana ta gaji ta tafi gidansu, kuma ban ga laifinta ba. Ƙafar na nan bayan ƙofa, a kanta nake rataye hula. Da sanduna nake yawo, su ma sun cinye mini kafaɗa.

Hajiyar Agege: Innalillahi! Malam, ka daina ƙwayar dai ko?

Tsohon Direba: Na daina Hajiya, da ƙyar, sai da likita ya riƙa rage mini a hankali. Shi ya sa nake cewa kowa ya haƙura da ƙafar roba. Duk macuta ne.

Mai Gashin Ƙashi: Baba, Allah Ya saka maka, amma matsalarka da tasa daban. Wanda aka bar masa gwiwa ya fi samun sauƙin tafiya nesa ba kusa ba. Malam Mai Albasa, ramewar dungu ba cuta ba ce, kusan kowa soket ɗinsa na farko sai an sake. In dungu ya nutse a soket, ƙafar ta gajarta ke nan, ƙugu ya karkace, sai baya da gwiwa mai lafiya su ɗauki wahalar. Ka canza takalmi kwanan nan? Da tsayin dunduniyar takalminka aka saita ƙafar, in ka koma silifas saitin ya tashi. Ka ƙwanƙwasa bakin dungun da yatsa. In akwai wurin da ke ja kamar lantarki, ƙila kan jijiya ne ya yi ƙulli, wannan likita zai duba. Zugin yatsun kuma ƙwaƙwalwa ce ba ta manta ƙafar ba. Ana motsa ƙafa mai lafiya a gaban madubi ana kallo, wasu na samun sauƙi, akwai kuma magungunan jijiya irin amitriptyline da gabapentin da likita ke rubutawa. Ni dai na ce ka yi a inda kake zaune, don soket sai an yi ta komawa ana goge nan, ana cike can. In ka ji ƙafar dama na mutuwa ko fitsari na ƙwace maka, kada ka jira, asibiti a ranar.

Tsohon Direba: Kai ƙafafunka nawa?

Mai Gashin Ƙashi: Biyu, Baba.

Tsohon Direba: To ka bar mu da muka san zafin mu yi magana.

Maman Biyu Idi-Araba: Haba Baba! Ai ba sai ungozoma ta taɓa haihuwa take karɓar haihuwa ba. Ƙanena soket kawai aka sake masa, dubu 80, ciwon bayan ya lafa masa sosai.

Ɗan Alaba Rago: Dubu 80 a wace shekara, Maman Biyu? Watan jiya aka ce wa maƙwabcina dubu 250, ban da safar silikon ta ciki.

Malam Na Obalende: Ni na san wanda wata ƙungiya ta yi wa kyauta. Amma kafin komai a yi masa ƙaho a ƙugu.

Bakanike Ladipo: Alaimen ne ya tashi kawai. Ka kawo ta gareji mu ɗora a jak, dubu biyu da kuɗin lemo. 😂

Mai Albasa Mile 12: Allah Ya shirye ka Bakanike. Likita, gaskiya na koma silifas tun damina saboda taɓon kasuwa. To dubu 300 ɗin za ta isa har da gashin?

Maman Biyu Idi-Araba: Zuwan ma aiki ne. Igbobi a kan titin Ikorodu yake, motar BRT daga Mile 12 za ta kai ka, amma sai ka hau gadar sama. Ƙanena a tsakiyar matakala yake zama ya huta. Wata rana yana zaune wata mata ta damƙa masa naira 200 ta wuce, shi da ke da shagon waya da yara biyu a ƙarƙashinsa!

Tsohon Direba: Wannan ai kullum ne. Bahaushe da sanda a garin nan almajiri ne kawai a idonsu. Kwandastan danfo na hango ka zai buga mota a wuce, wai za ka ɓata masa lokaci.

Malam Na Obalende: Ba akwai doka ba? Tun 2011 Legas ta yi dokar masu buƙata ta musamman, ta tarayya kuma aka sa mata hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga.

Maman Biyu Idi-Araba: Shekara biyar ɗin ai ta wuce, Malam. Mu fara da namu ma. Masallacin unguwarku matakala nawa ne, kuma akwai kujera a wurin alwala?

Malam Na Obalende: Wannan sai kwamiti ya zauna.

Bakanike Ladipo: Kwamitin da tun azumin bara yake zama a kan fanka ɗaya?