Taƙaitawa: matsalar haɗiya ga masu cutar Parkinson (cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki)

Jama'a maganar ta yi tsawo, bari in tattaro abin da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda mara lafiya ya zauna a miƙe in zai ci, loma ƙanana, ba hira ba talabijin, kuma kar ya kwanta sai an yi kamar minti 30.

2. A daidaita cin abinci da lokacin da levodopa (maganin Parkinson) ke aiki a jiki.

3. Alamomin da za a lura da su: tari a kan abinci, murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, rama, zazzaɓi akai-akai. Wannan ya fi tayar min da hankali wallahi, don wasu majinyatan abinci na zarcewa huhunsu ko tari ba sa yi, sai dai a ga nimoniya (ciwon huhu).

4. Dalalar miyau ba yawansa ba ne, haɗiyarsa ce ta ragu.

Inda aka rabu: kaurara ruwan shan mara lafiya. Wasu sun ce ya rage shaƙewa, wasu sun ce majinyacinsu ƙin sha ya yi har ruwan jikinsa ya ragu. Haka sunkuyar da haɓa lokacin haɗiya, sai masanin haɗiya ya gwada tukuna. Kuma kar a daka ƙwayar magani sai an tambayi likita.