Neman shawara: ina so in kwashe sistam ɗina gaba ɗaya zuwa sabon diski, wane bakof zan yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana Linux na gidan nan ku taimaka min da shawara. Ina da ɗan shagon buga takardu da dizayin, kwamfutar aikina ta tebur ce ta gwanjo, diskinta giga 500, an raba shi biyu, Windows 10 saboda CorelDRAW sai Linux Mint 22 wanda da shi nake komai na intanet tunda Microsoft ta daina turo gyaran tsaro na Windows 10 a Oktoban 2025. To kwanan nan diskin ya fara wani ƙara ƙas-ƙas idan ina buɗe manyan fayil, wani lokacin kuma sai komai ya daskare na ɗan lokaci sannan ya dawo. Na sayi SSD (sabon nau'in diski mai sauri) mai giga 256. Abin da nake so shi ne in kwashe komai yadda yake, direban firinta da font-font ɗina da saitin da na sha wahala a kansu, ba sai na sake fomatin ba. Na biyu kuma ina son tsarin bakof (ajiye kwafin kaya don gudun asara) mai ɗorewa don nan wajenmu ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar ofdet. Timeshift dai a kunne yake tun da aka sa min Mint, shin ya wadatar? Manhajojin kyauta nake so don Allah, ba na kuɗi ba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam kafin komai, yau ɗin nan kar ka kwana ba ka kwafe fayilolin kastomominka zuwa wani diski na waje ba. Kwafi na hannu kawai, ja ka ajiye, ka fara da waɗanda idan suka ɓata za a zo shago a yi maka tsiya. Diskin da ya fara wannan ƙaran ba ya sallama kafin ya tafi.

Sannan Timeshift bai wadatar ba, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Shi aikinsa sistam ne, yana ɗaukar hoton manhajoji da saitunan tushe don idan ofdet ya lalata maka abu ka koma yadda kake jiya. Amma a yadda yake zuwa, ba ya ɗaukar kayan da ke cikin foldar home, wato takardunka da hotunanka da dizayin ɗinka duk ba sa ciki, kuma da gangan aka yi haka don kar ka maido da sistam na makon jiya ya shafe aikin da ka yi yau. Ɓangaren Windows kuwa ko kallonsa ba ya yi. Ka buɗe saitinsa ka duba wurin da yake ajiyewa, na kusa rantsuwa a kan wannan diskin mai ƙara yake zubawa. Kamar ka yi kwafin takardar fili ne ka haɗa da ta ainihi a jaka ɗaya.

Ɗan Kurna:
Yallaɓai ni dai da ni ne fomatin kawai zan yi a sabon SSD ɗin in sa komai sabo fil, minti ashirin Mint ya hau, me ye na wahala 😂

Mai tambaya:
Ƙanina ba Mint ɗin ne matsalar ba, wancan ɓangaren ne, da firintar da sai da aka yi da gaske kafin ta yarda ta yi aiki. Injiniya na duba, gaskiyarka ne, a diski ɗaya yake ajiyewa. Na fara kwafin yanzu.

Malamar kwamfuta:
Sannunku da ƙoƙari. Abin da kake nema Malam shi ne Clonezilla, da shi muke amfani a ɗakin kwamfutocin makarantarmu, a gyara ɗaya tsaf a ɗauki hotonta, wato cikakken kwafin diskinta, a zuba wa sauran. Manhaja ce buɗaɗɗiya da aka ƙirƙira a Taiwan, ba a cikin sistam ake sa ta ba, a filashi ake sa ta ka tayar da kwamfutar daga filashin, sai ta ɗauki diskin baki ɗaya, Windows da Mint da GRUB (mai ba ka zaɓin sistam idan ka kunna) da ɗan ƙaramin fatishin (ɓangaren diski) na EFI da kwamfuta ke tashi daga shi in akwai. Ka zaɓi device-image sannan savedisk, ranar maidowa kuma restoredisk. Wurin da ke da kaya kaɗai take kwafa, ta kuma matse shi, shi ya sa hoton ba ya kai girman diskin.

Sai dai fuskarta shuɗin allo ne da rubutu zalla, da kibod ake tafiya, in ba ka saba ba za ta tsorata ka. Akwai Rescuezilla, ita da mawus ake dannawa kuma tana karanta hoton da Clonezilla ta ɗauka, ni ita nake ba ɗalibai. Amma ga inda gizo ke saƙar: diskin da za ka zuba wa dole ya kai girman na asali ko ya fi shi. Daga 500 zuwa 256 ba za ta yarda kai tsaye ba.

Mai tambaya:
Malama na gode ƙwarai. Amma duka kayan da ke ciki ba su wuce giga 140 ba fa, me zai hana su shiga 256?

Injiniya:
Saboda ba yawan kayan take dubawa ba, iyakokin fatishin take dubawa. In fatishin ɗin Mint ya fara daga wajen giga 250 ya ƙare a 500, to a sabon diskin babu wannan wurin kwata-kwata, ko da fayil ɗaya ne a ciki. Hanyar da aka saba ita ce a rage fatishin ɗin, na Windows daga cikin Windows, na Mint da manhajar raba diski GParted daga filashi, a matso da su gaba har jimillarsu ta gaza 256, sannan a shiga yanayin ƙwararru na Clonezilla a sa -icds don ta daina duba girman diski. Yana yiwuwa, na sha yi wa mutane.

Amma a diski mai lafiya ake wannan. Matsar da fatishin karatu da rubutu ne na awanni ba tsayawa, a diskin da ke ƙas-ƙas, a garin da wuta ba ta da alƙawari, in ya tsaya a tsakiya ka rasa duka biyun. Shawarata ta gaskiya ka koma wa wanda ya sayar maka ka roƙe shi ya canza maka da mai 512 ka cika kuɗi. Ka lura 512 na ce, akwai masu 480, waɗannan ma sun gaza naka, matsalar ɗaya ce.

Ɗan uwa daga Maraɗi:
Ina ƙara abu biyu kan maganar Injiniya. Kafin ɗaukar hoton ka shiga Windows ka kashe fast startup sannan ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, domin in yana kunne Windows ba ta rufe fatishin ɗinta da kyau, rabin barci take yi. Ka kuma duba ko BitLocker, makullin sirrin diski na Windows, na kunne, in haka ne Clonezilla ba ta ganin abin da ke ciki sai ta kwafe fatishin ɗin duka har da wurin da babu komai, hoton ya yi ƙato. Bayan ka zuba a SSD kuma ka cire tsohon diskin kafin ka kunna, don lambobin shaidar fatishin ɗinsu iri ɗaya ne yanzu, sistam na iya rikicewa ya tashi daga tsohon kai ba ka sani ba.

Malamar kwamfuta:
Kan tambayarka ta biyu. Diskin wajen nan ka raba shi, ɓangare ɗaya ka yi masa fomatin na Linux, wato ext4, saboda Timeshift ba ya ajiya a irin na Windows, NTFS ko FAT. A yanayin rsync na Timeshift hoton farko ne kaɗai mai nauyi, na bayansa abin da ya canza kawai suke ƙarawa. Ka ɗauka da hannu duk lokacin da za ka yi babban ofdet. Ranar da Mint ya ƙi tashi ka sa filashin da aka yi instolin da shi, Timeshift na ciki, ka nuna masa diskin wajen ka danna maidowa. Fayilolinka kuma Déjà Dup ko Pika Backup, duk suna riƙe tsofaffin kwafi, in kastoma ya ce a dawo masa da dizayin na makon jiya kana da shi. In ka sa kalmar sirri ka rubuta ta a littafin shago, wanda ya manta ta babu mai iya buɗe masa, ko mu nan.

Ɗan Kurna:
To ba gara ya tura komai Google Drive ba ya huta?

Injiniya:
Giga 15 suke bayarwa kyauta, shi yana maganar 140, ga kuɗin data. Amma ba ka yi ƙarya duka ba, muhimman takardu ƙanana ya tura can, don diskin waje da ke kwana a shago tare da kwamfutar, ɓarawo ko gobara tare za su ɗauke su. Ko dai ya riƙa tafiya da shi gida. Kuma Malam idan ka gama ɗaukar hoton ka bar Clonezilla ta yi binciken da take tambaya a ƙarshe na ko hoton zai maidu, mutane na tsallake shi don gaggawa. Tsohon diskin kar ka goge shi sai ka yi sati kana aiki a SSD, ka buga takarda, ka buɗe Corel, komai lafiya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Kwafin ya kusa gamawa amma fayil uku sun ƙi, yana cewa kuskuren karatu. Na buɗe manhajar Disks na duba bayanan lafiyar diski na SMART, ta nuna akwai ɓatattun sassa a diskin. Mai SSD ya ce in kawo gobe a canza. In ci gaba da Clonezilla ɗin?

Injiniya:
Tunda har ya fara ƙin karatu, Clonezilla za ta iya tsayawa idan ta iso wurin da ya lalace, sai dai ka sa -rescue a yanayin ƙwararru ta riƙa tsallakewa. Ni na fi natsuwa da ddrescue, manhajar ceto kaya daga diski mai matsala, a irin wannan, a Mint sunan kunshin gddrescue. Yana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri sannan ya dawo kan masu taurin kai, kuma yana rubuta fayil ɗin taswira, ko an ɗauke wuta ka sake kunnawa daga inda ya tsaya zai ci gaba, muddin taswirar ba a filashin da ka tayar da kwamfutar daga shi ka ajiye ta ba, don shi mantuwa yake idan an kashe, sa ta a diskin waje. Shi duka 500 ɗin yake kwafa, don haka kai tsaye zuwa mai 512 ɗin za ka yi. Yanzu dai kashe kwamfutar, kar ka ƙara kunna ta sai SSD ya zo. Gobe ka tayar daga filashi ka buga lsblk a taminal ka turo mana hoton allon kafin ka danna komai, mu tabbatar cikin diskin biyu wanne ne sda wanne ne sdb, don in aka juya su sabon diskin da babu komai ne zai hau kan tsohon.