Motar golf mai fetur tana yoyon baƙin mai: wa ya taɓa gyara irinta?

Mai zauren biki, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da tsohuwar motar golf ta E-Z-GO, irin ƙaramar nan da ake yawo da ita a filin wasan golf, 'yar tokumbo, mai injin Robin 295cc mai fistin biyu. Da ita muke ɗaukar dattawa daga bakin get zuwa zaure. Yanzu duk inda ta kwana sai an tarar da baƙin mai a ƙasa, in ta zo hawa tudu kuma bel ya riƙa sulɓewa, inji na ta ƙugi ba tafiya. Bakaniken unguwa ya ce sai an sauke inji. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka.

Bakanike, Kano: Wa'alaikumus salam Alhaji. Kar a sauke tukuna. Injin nan iska ke sanyaya shi, fankarsa kuwa tana watsa man da ya ɗiga ko'ina, shi ya sa za ka ga duk jikinsa ya jiƙe ka rasa mafarin. Ni abin da nake yi, in wanke shi tas da kalanzir, in bari ya bushe, in barbaɗa masa hodar jarirai, in ɗan zaga da motar, sannan in haska da tocila. Inda hodar ta fara yin baƙi, nan ne ɓarakar.

Tunda bel ɗinka na shan mai, zargina yana kan sil ɗin karanshaf, wato robar da ke hana mai fita ta bakin shaf ɗin inji, da ke bayan kulocin gaba mai juya bel. Amma don Allah kar ka bari a cire kulocin da guduma. A matse yake a kan bakin shaf mai tsini, yana da abin zare shi na musamman, wani dogon noti da ake ɗaurawa har ya ɓalle da kansa. An taɓa kawo mini wadda aka daddaka, aikin sil ɗaya ya koma neman kuloci. In an cire, a shafa yatsa a kan shaf ɗin. In tsohon sil ya yi masa zobe, sabo ma ba zai riƙe ba sai an ɗan gusar da mazauninsa. Bel ɗin da ya sha mai kuwa a canza shi kawai.

Ma'aikacin filin golf, Jos: Oga ya faɗi gaskiya, amma a duba numfashin injin kafin a sayi sil. Muna da Club Car mai injin Kawasaki FE290 da aka yi ta sauya wa sil, yoyo na dawowa. Ashe tiyon da ke fitar da iskar cikin inji zuwa gidan filtar iska ne ya toshe da ƙurar hunturu haɗe da mai, ya zama kamar kwalta. Iska ta rasa mafita, sai ta riƙa tura mai ta kowace kafa. Da aka wanke tiyon, shi ke nan.

Sai cika mai. Injinan nan ba sa shan abin da ya wuce lita ɗaya da rabi, wasu ma lita ɗaya da ɗoriya. Yaro ya ɗauko galan mai lita 4 ya yi ta tuttulawa, gobe ka buɗe filtar iska ka same ta sharkaf, salansa na hayaƙi. A auna a kan shimfiɗaɗɗen wuri, a tsaya a layin sandar awo.

Manomi, Zariya: Tawa Yamaha G16 ce, da ita nake zagaya gona. Abin da ya ɗaure mini kai, tana yoyo amma man ƙaruwa yake. Da na shinshina sandar awo, warin fetur. Famfon fetur ɗin motocin nan da bugun iskar cikin inji yake aiki, akwai tiyo tsakaninsu. In robar cikin famfon ta yage, fetur ya bi tiyon ya gangara cikin baƙin mai, ya tsinka shi, sai ya fara tsiyaya ta gasket. Allurar kafireta ma in ba ta rufewa haka take yi. Na sa sabon famfo, na juye man, na zuba 10W-30, yoyon ya tsaya. Alhaji, ka fara shinshina sandar awo, wannan kyauta ne. In ka ji fetur kar a sake tayar da ita, man da ya tsinke cinye inji yake.

Manajar otal, Abuja: Tamu gasket ɗin murfin bawul ne kawai ya bushe. Mai gyaran farko ya lafta masa gam ya ɗaure noti har zaren ya lalace, alminiyom ne ba ya son ƙarfi. Ku tsaya a kansu lokacin ɗauri.

Bakanike, Kano: Hajiya, wannan ɗaurin ganganci ya kashe injina da yawa. Alhaji, maganar kaya kuma, in ka ce "na motar golf" a kasuwa za a ce babu. Ka cire tsohon sil ɗin, akwai lambobin girmansa a jikinsa: faɗin ciki, faɗin waje da kauri. Ka kai wa masu sayar da boris da sil a Panteka, ko nan Ƙofar Ruwa, su auna maka. Ka nemi mai leɓe biyu saboda ƙura, a shafa masa mai kaɗan kafin a zura shi.